Kason Yaya Kaltume

Ubale ɓarawo ne. Bai taɓa haura katanga ba, bai taɓa fasa shagon kowa ba, sahun farko ma ba ya wuce shi a masallacin unguwa. Amma mutumin da ya zauna a kan haƙƙin yayarsa har idonta ya mutu ba shi da wani suna sai wannan, ko da kuwa shaddarsa tana ƙara don tsabar guga.

Abin da mahaifinsu Malam Jibrin ya bari ba shi da yawa: gida, da injin casar shinkafa a bakin kasuwar Tudun Wada. 'Ya'ya biyu ne kawai, Kaltume babba, Ubale ƙarami. Malamai suka zauna suka raba yadda shari'a ta ce, kashi biyu na namiji, kashi ɗaya na mace. Da yake inji ba gona ba ne balle a ja masa iyaka, sai aka bar shi yana aiki a hannun Ubale, a kan duk abin da ya kawo a kasa uku, Kaltume ta ɗauki ɗaya. A lokacin mijinta ya riga ya rasu, ta dawo gidan uba tana zaune a ɗakin da ke jikin madafi, tana turara wa 'yan kasuwa shinkafa ana biyanta lada.

Shekarar farko ya kawo mata wani abu, ta sa masa albarka. Shekara ta biyu ya tafi Kano wata bita a kan bunƙasa ƙananan sana'o'i, ya dawo da jaka a rataye da sabon baki. Ya sa aka goge sunan Malam Jibrin daga bangon inji, aka kafa allo mai faɗin ƙofar gari: Kamfanin Ubale da 'Ya'yansa, Masu Shinkafa na Ƙasa da Ƙasa. Iyakar nisan da shinkafar ta taɓa yi kuwa garin Doguwa ne, nan kusa. Ya kuma sanar cewa daga ranar ba Ubale ba ne, Ciyaman ne.

Ya tarar da Kaltume a bakin murhu tana iza wuta a ƙarƙashin rabin duro.

"Yaya, ajiye itacen nan ki wanke hannu. Abin alheri na kawo miki."

Takarda ce a cikin gilashi, da zanen zangarniya a gefe da jan hatimi a ƙasa.

"Daga yau kin tashi daga magajiya, kin zama mai hannun jari. Kashi ɗaya cikin uku na kamfanin nan naki ne, ga shi a rubuce da Turanci."

"To da can na wane ne?"

"Da can naki ne a gargajiyance. Yanzu naki ne a hukumance."

"Madalla. Ina kason bana?"

"Ji ki da wata magana! Ai shi hannun jari ba cin sa ake yi ba, Yaya, kallonsa ake yi yana girma. Kamar maraƙi ne. Wa ya taɓa tatsar maraƙi?"

Da kansa ya buga ƙusa ya rataye mata takardar a bango, ya ja da baya ya duba ko ta karkace.

Ba a jima ba idon Kaltume ya fara ciwo. Da farko kai ne ke sara mata, sai ta riƙa ganin bakan gizo kewaye da fitila. Daga baya gefen hagu ya riƙa duhu, mutum ya zo har kafaɗarta ba ta gan shi ba sai ya yi magana. Ta fasa asusunta ta hau motar Kano. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ciwo mai cin gani a hankali kamar gara, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Akwai maganin ɗigawa kullum, akwai kuma aikin da ya kamata a yi mata kafin a makara. Asusun ya ƙare a kuɗin mota da 'yan kwalaben magani.

Ta same shi a zaure yana latsa waya.

"Ubale..."

"Ciyaman, Yaya. Akwai mutane."

Babu kowa a zauren sai akuyar maƙwabta da ta shigo neman inuwa. Kaltume ta durƙusa ta faɗa masa abin da likita ya ce. Ya saurara yana gyaɗa kai kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

"Allah ya sawwaƙe. Ni da don tawa ce, yanzun nan sai in zaro in ba ki. Amma kuɗin nan ba nawa ba ne, na kamfani ne. Kamfani kuwa ba ya fitar da ko sisi sai an yi taron shekara-shekara na masu hannun jari. Doka ce, ba ni na yi ta ba."

"Su wane ne masu hannun jarin?"

"Ni da ke."

"To ga ni ga ka. Mu yi taron mana."

Ya yi dariya har hularsa ta goce. "Rashin sani ya fi dare duhu. Taro ai sai an buga katin gayyata."

Aka buga kati. Ranar taro aka shimfiɗa darduma a zaure, aka kawo kujerun roba haya, abokan Ubale suka cika wuri a matsayin baƙi na musamman. Kaltume ta yafa gyale za ta fito, sai matar Ubale ta tare ta a tsakar gida.

"Haba Yaya, zaure cike da maza? Me mutane za su ce? Ai ya ce zai wakilce ki. Ki zo dai ki taya ni, kajin nan ba su soyu ba."

Haka mai kashi ɗaya cikin uku na kamfani ta yini a bakin kasko, hayaƙi yana shiga idon da likita ya ce a kiyaye. Tana jiyo tafi daga zaure, tana kirga shi a ranta a matsayin kuɗin aiki. Bayan la'asar Ubale ya shigo yana sakace haƙori.

"Yaya, taro ya yi armashi. Masu hannun jari sun amince baki ɗaya a mayar da ribar bana cikin jari."

"Har da ni?"

"Ke ce ma kika goyi bayan ƙudurin. Na ɗaga hannun dama nawa, na ɗaga na hagu naki. Akwai hoto."

Bai bar ta hannu banza ba. Ya miƙa mata kyautar masu hannun jari: kalanda mai ɗauke da hotonsa ya tallabe haɓa, da lema mai sunan kamfani. Ya ce kuma hukumar gudanarwa ta amince a riƙa ba ta ɓuntu kyauta daga bakin inji ta riƙa hura wuta. Ɓuntun da ake roƙon mutane su kwashe don ya tare hanya.

Magani ya ƙare. Ta sayi kwalba ɗaya da ladan turara, tana ɗigawa yau ta tsallake gobe don ta daɗe. Rannan ta tashi ta ji ƙahon mota a ƙofar gida, yara suna ihu. Ubale ya sayo mota mai baƙin gilashi. Kafin azahar labari ya shigo cikin gida: ya sayar da ɗaya daga cikin kashi biyunsa ga Alhaji Surajo, wani dillalin hatsi mutumin Kiru, mai ƙarancin magana da yawan kallo.

"Ubale, gadon Baba ka sayar wa bare?"

"Wa ya ce sayarwa? Jawo mai zuba jari ake cewa. Motar kuma ta kamfani ce, kina da kashi ɗaya cikin uku a jikinta. Ki ɗauka tayar baya ta hagu taki ce."

"To a kai ni Kano da ita."

"Ba a yi mata izinin zirga-zirgar asibiti ba."

Da Alhaji Surajo ya zo cin abinci, Kaltume ce ta kai kwano bakin zaure. Tana ajiyewa ta ji baƙon yana tambaya a hankali, yanzu da kashi ya zama ɗaya-ɗaya tsakanin mutum uku, wa ke da ta cewa?

"Ni mana," in ji Ubale. "Nawa ɗaya, na Yaya ɗaya, biyu ke nan. Kason Yaya a aljihuna yake. Mu nan gidan mace ba ta taɓa gadon uba sai da sanin namijin gida. Ko zaure ba ta fitowa, ina za ta ga mai saye?"

Alhaji Surajo ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da cin tuwonsa.

Daga nan kwanakin Kaltume suka riƙa gangara. Mai turara da ido take aiki: tana duba tururi, tana duba launin ƙwaya ta san ta yi. Ta ƙona buhun wani, ta sauke na wani ɗanye, inji ya farfasa shi ya zama tsaki. 'Yan kasuwa ba su yi mata faɗa ba, suka dai daina aiko da kaya. Wata safiya ta miƙa hannu ta gefen hagu za ta ɗauki murfi, ta tsoma shi cikin tafasasshen ruwa. Tana zaune ana shafa mata ƙwai a ƙunar, ta rufe idon dama da tafin hannu don ta gwada. Babu tsakar gida, babu rana, babu komai. Na hagu ya tafi.

Ubale ya zo dubiya da lemun kwalba ɗaya.

"Yaya, kowane bawa da irin jarrabawarsa. Ni ina zargin hayaƙi ne kawai, likitocin nan neman kuɗi suke yi. Kin gwada kwalli da zuma?"

"Ubale, na goya ka a bayan nan har ka yi mini fitsari ba adadi. Ba kyauta na roƙe ka ba. In ba riba, sayi kason nawa ka ba ni kuɗin, ya zauna a gida."

"Kasuwa ta faɗi yanzu, in na saya na cuce ki. Ga bel ɗin inji ya tsinke, ga man gas ya yi tsada. Ki bari kamfani ya tsaya da ƙafarsa tukuna."

Ta aika wa liman. Liman ya kira Ubale suka gana, Ubale ya yi alkawarin sauya lasifikar masallaci da sunan kamfani. Amsar da aka aiko wa Kaltume ita ce, haƙuri maganin zaman duniya, kuma zumunci ya fi dukiya. Dattawan dangi suka ce kai ƙarar ɗan'uwa gaban alƙali abin kunya ne, Malam Jibrin ba zai ji daɗi a kabarinsa ba. Babu wanda ya tambaya ko Malam Jibrin yana jin daɗin makantar 'yarsa. Haka mutanenmu suke: in mai ƙarfi ya take mara ƙarfi, wanda ke ƙasa ake cewa ya rage ihu don maƙwabta na barci.

Idon dama ma ya fara. Hanya ta koma mata kamar ana leƙa ta ta cikin kara. Ta daina fita sai da bango.

Ana nan sai ga Hajiya Ummulkhairi, mahaifiyar Alhaji Surajo, ta zo dubiya daga Kiru. Tsohuwa ce mai jiki, ta tsufa a cinikin shinkafa, kuma duk wanda ya san gidansu ya san kuɗin da ɗan ke juyawa daga ƙarƙashin gadonta suke fitowa. Ubale ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya raka ta har tsakar gida, ya ga ɗakin Kaltume cike da matan maƙwabta 'yan dubiya, takalma jibge a ƙofa. Namiji mai kunya ba ya leƙa ɗakin da matan mutane suke. Ya koma zaure, ya aika a sayo wa Hajiya lemu mai sanyi.

Bayan an gaisa, Hajiya ta kama haɓar Kaltume ta juya fuskarta wajen haske.

"Wannan ya mutu. Wannan kuma yana hanya. Kaltume, ni ba sadaka na zo yi ba, kar ki gode mini. Ciniki na zo. Waccan takardar ta bango nake so."

Hajiya ta faɗi abin da za ta biya. Wata maƙwabciya ta ce, "Kai Hajiya, ai ko rabin darajarsa bai kai ba."

"Na sani. In akwai wadda za ta ƙara a cikinku, ga wuri." Babu wadda ta ƙara. "Zai biya aiki, zai sayi magani na shekaru, har a sami na cefane. Gobe mota ta kai ki Kano, mu biya ta wurin lauya ki dangwala yatsa gaban shaidu, mu wuce asibiti."

Kaltume ta sunkuyar da kai. Daga nan ɗakin, in iska ta juyo, ana jin ƙugin injin. Tun tana yarinya take kai wa mahaifinta fura a bakin injin, ya fito fari fat da ƙura yana dariya. Ta san in ta dangwala, jinin Malam Jibrin ya zama ɗan rakiya a wurin da ya gina da guminsa.

"Hajiya, injin Baba ne. Me zan ce masa ranar da muka haɗu?"

"Ki ce masa kin gan shi. Makauniya ma ai ba za ta gane shi ba." Matan suka yi 'yar dariya, Hajiya ba ta yi ba. "Ni ban san mahaifinki ba. Amma ban taɓa jin uban da ya tara don a rataye a bango 'yarsa tana laluben ƙofa ba. In kin ƙi, in sha lemuna in tafi, ba gaba."

Kaltume ta ɗago kai. Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta lalubo gilashin da hannun da bai ƙone ba, ta sauke shi. Hajiya ta naɗe shi a cikin mayafi ta sa a ƙasan kwandon da ta kawo lemun zaƙi. Da za ta fita, Ubale da kansa ya karɓi kwandon ya kai mata mota.

Washegari da mota ta zo, ya tsaya a ƙofar gida yana gaya wa masu wucewa cewa wannan shi ne amfanin jawo masu zuba jari, ga shi kamfani yana kula da lafiyar masu hannun jarinsa. Har hoto ya ɗauka.

Aka yi aiki. Likita ya ce an tsayar da ciwon a inda ya kai, abin da ya saura a idon dama zai zauna in ta riƙe magani. Na hagu kuwa ya ce da an yi aikin bara da wata magana ake yi. Tana kwance a gidan wata 'yar'uwar mijinta a Kano tana jinya, Alhaji Surajo ya kira taron gaggawa a Tudun Wada. Bai buga kati ba, bai soya kaza ba. Ya ajiye shaidar kashi biyu a gaban Ubale, ya ce ya ba da makullin inji da na mota.

Ranar da Kaltume ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba Ubale ya faɗo tsakar gida, ba hula, wuyan riga a karkace.

"Yaya! Ashe ke muguwa ce? Gadon Baba kika ɗauka kika ba bare? A cikin gidan nan, ina zaune a zaure? Da hannuna na kai kwandon!"

Ta juyo da gefen dama don ta gan shi sosai. Ta daɗe rabonta da ganin fuskarsa haka, sai ta ga ya yi ƙiba.

"Ni na sayar na sayi ido, Ubale. Kai da ka sayar me ka saya?"

"Ki je ki ce ba da saninki ba ne. Ki ce ba kya gani aka sa ki dangwala. Alƙali zai yarda, kowa ya san ba kya gani!"

"Kowa ya sani?"

Ya kai hannu zai gyara hular da ba ta kansa.

"To tunda kowa ya sani, kai ma ka sani ke nan." Ta ɗaga labule. "Matsa mini, lokacin ɗiga magani ya yi."

Kada wani ya ɗauka Hajiya Ummulkhairi da ɗanta waliyyai ne. Sun ga rauni sun saya da araha, kuma Allah zai tambaye su. Amma kura ba ta shiga garke sai ta ga inda shinge ya faɗi, kuma Ubale ne ya kwantar da shingen da hannunsa. Ya ɗauka tsare mace a cikin gida daidai yake da tsare haƙƙinta a aljihu. Ya manta cikin gida ma kasuwa ce, ita ce kuma kasuwar da shi ba ya iya shiga. Irinsa suna da yawa a garuruwan nan: an bar musu shago, ko injin niƙa, ko motar haya tare da 'yan'uwa mata da marayu, sun koyo kalmomi uku na ofis sun lulluɓe tsohuwar sata da su. Da can cewa ake yi "ina juya miki", yanzu an koma "an mayar cikin jari". Cin amana dai sunansa cin amana. Masu cewa a yi haƙuri kuma su sani, da haƙurinsu aka tsiyaye idon Kaltume, suna da nasu kason a cikin alhakin.

Alhaji Surajo ya kawo mai binciken kuɗi daga Kano. Aka tarar ribar da ake cewa ta koma jari ba ta taɓa kwana a kamfani ba, ta tafi a shadda da kaji da gudummawar biki, har da kason shi Alhaji Surajon. Shi ba ɗan'uwa ba ne, babu dattijon da ya je ya ce masa kai ƙara abin kunya ne. Kotu ta sa aka sayar da kashi ɗayan da ya rage wa Ubale, aka biya Alhaji Surajo, aka biya Kaltume ribar shekarun da aka danne mata. Sauran bai isa ya rufe ɓarnar ba.

Alƙali ya ɗaure Ubale shekara biyu, babu zaɓin tara. Yana can yana yi.